Ɗan Manomi da Baƙaƙen Boko: Hanyoyin Raya Karatu a Karkarar Arewa

Duk wanda ya ratsa ƙauyukan ƙasar Hausa a 'yan shekarun nan, tun daga fadamun Argungu har zuwa jigayin Gumel da Maigatari, zai ba da shaida cewa da wuya a sami gari mai dagaci wanda ba a kafa makarantar firamare a bakinsa ba, ga allon suna an kafe a gefen hanya, ga ɗakuna biyu ko huɗu masu rufin kwano, ga kuma rajista cike da sunayen yara. Tun daga shekarar 1976 da gwamnatin tarayya ta buɗe shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, har zuwa 1999 da aka ƙaddamar da shirin ilimin bai-ɗaya a birnin Sakkwato, aka kuma ƙarfafa shi da doka a 2004, hukumomi ba su gushe ba suna gina azuzuwa suna rubuta yara, har adadin ya kai inda kakanninmu ba su taɓa tsammani ba. Amma manomi ba ya lissafin arzikinsa da yawan ramukan da ya sara ranar shuka, damman da suka shiga rumbu su yake ƙirgawa. To, idan aka bi makarantun karkara da irin wannan lissafi, aka tambayi yara nawa ne cikin waɗanda aka rubuta suka fito suna iya karanta wasiƙa da harshen da suka tashi da shi, amsar da za a samu ta isa ta hana duk mai kishin jama'a barci.

Wannan magana an auna ta an tabbatar. A shekarun 2011 da 2013 an shiga makarantun jihohin Bauchi da Sakkwato da wani gwaji mai sauƙi, inda ake zaunar da yaro shi kaɗai, a miƙa masa takarda mai haruffa, sa'an nan ɗan gajeren labari na Hausa, a ba shi minti guda ya karanta abin da ya sawwaƙa. Sai aka tarar mafi yawan 'yan aji biyu da aji uku ba su iya fitar da ko kalma ɗaya ba. Babban binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2021 ya nuna cewa, cikin yaran Nijeriya masu shekara 7 zuwa 14, kimanin kashi 27 cikin ɗari ne kaɗai suka mallaki tushen karatu, kuma rabon karkara ya gaza na birni, na Arewa ya gaza na Kudu. An daɗe ana kuka da yara fiye da miliyan 10 da ba sa zuwa makaranta, kukan kuwa yana bisa hanya. Amma akwai musiba ta biyu wadda ba a cika ambatonta ba, wato ta yaron da ya je, ya zauna shekara shida a ƙasa ko a kan benci, ya fito bai iya haɗa baƙi ba, ubansa ya yi hasarar hannun da zai taya shi noma, shi kuma bai sami abin da aka tura shi nema ba.

Me manomi zai yi da karatu?

Akwai dattawan da har yau, in an yi musu zancen makaranta, sukan ce noma gadonsu ne, ba a takarda suka koye shi ba. Maganarsu tana da fuska a zamanin da iri na rumbu ne, taki na turke ne, ciniki kuma baki da baki ake ƙulla shi a gaban shaidu. Amma noman yau rubutu ya kewaye shi ta kowace kusurwa. A jikin kwalbar maganin feshi an rubuta awon da za a zuba a tanki, da kwanakin da za a jira kafin a tsinki tumatir ko kuɓewa, da ranar da maganin zai lalace. Wanda bai iya karantawa ba sai ya dogara ga bakin mai shago, ko ya ƙara awo don yana zaton yawa shi ne ƙarfi, ya ƙona shukarsa ko ya cuci masu ci. Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya ƙasashenta a 2015 sabili da yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa, alhali waken da bai fita ba mu ne muke dafa shi a gidajenmu. Haka kuma sa'ad da gwamnatin tarayya ta fara rabon taki da iri ta hanyar saƙon waya a 2012, da sa'ad da aka buɗe shirin rancen manoman shinkafa a Kebbi a 2015, an ga manoma da yawa suna yawo da waya a hannu suna neman wanda zai karanta musu saƙonsu, suna dangwala yatsa a takardun da ba su san sharuɗɗan da ke cikinsu ba. Gidan da ke da yaro guda mai karatu ya tsira daga rabin wannan wahala, gama shi zai duba buhun kamfa da na yuriya, shi zai karanta katin rigakafin ƙannensa, shi zai tabbatar ko kuɗin hatsi sun shiga kafin dillali ya ɗaga kaya.

Ta fuskar addini kuwa hujja ta riga ta tsayu tun farkon al'amari, domin wahayin da aka fara saukarwa da umurnin karatu ya buɗe, kuma malaman sira sun ruwaito cewa bayan yaƙin Badar, fursunonin da ba su da dukiyar fansa amma sun iya rubutu an sanya fansar kowannensu ya koya wa yara goma na Madina rubutu. Al'ummar da ta gaji wannan tarihi bai kamace ta ba ta yarda 'ya'yanta su girma suna kallon takarda ba su san abin da ta ƙunsa ba.

Kalandar makaranta da kalandar gona

Dalili na farko da ke hana ɗan manomi karatu shi ne cewa an tsara shekarar makaranta ba tare da an dubi shekarar gona ba. Zangon farko yana farawa cikin Satumba ya ƙare cikin Disamba, wato daidai lokacin girbin gero, da cirar gyaɗa, da roron wake, da yankan shinkafa, da girbin dawa, lokacin da ko jinjiri in da zai iya tashi da an ba shi aiki. Zango na uku yana kamawa daga wajen ƙarshen Afrilu zuwa Yuli, shi kuma ya haɗiye sharar gona, da kai taki, da shuka, da noman firi, da maimai. Babban hutu sai ya faɗo cikin Agusta, tsakiyar marka, sa'ad da aikin gona ya ɗan lafa ana jiran amfani ya nuna. Zango na biyu kaɗai ya rage wa ɗan ƙauye cikakke, shi ma a wurare irin su Kura da Kadawa da Bakolori noman rani yana cin rabonsa, a wasu wuraren kuma neman ruwa a rijiya mai nisa yana cinye safiya.

Wanda ya leƙa makarantar ƙauye da hantsi cikin Oktoba zai gani da idonsa. Ajin da rajista ta ce yara saba'in ne, sai ya tarar da ashirin da 'yan kai. In ya tambaya a ce masa wane ya tafi korar tsuntsaye a fadama, wance ta kai abinci gona, wance tana renon ƙaninta don uwar ta tafi roro, su wane kuma sun tafi yankan ciyawa domin awaki suna ɗaure tun da aka yi shuka. Ranar kasuwar garin kuwa, ko ta garin da ke kusa, 'yan mata masu talla ba a ganinsu sam. Ba ƙin ilimi ne ya sa uba ya ɗauke ɗansa ba. Abincin shekara ne a shimfiɗe a gona, kuma ba shi da kuɗin 'yan ƙwadago. Illar da ke ciki ita ce karatu abu ne mai hawa kan juna, duk wanda ya rasa mako uku sa'ad da ake koyar da haruffa goma, in ya komo zai tarar an wuce shi, malami yana bin manhaja ba ya waiwaye, ƙarshen shekara kuma a yi wa kowa ƙarin aji, mai iyawa da marar iyawa. Ta haka yaro ke isa aji biyar da giɓin aji ɗaya, ana ce masa daƙiƙi, har shi ma ya gaskata.

Maganin wannan ba ya bukatar kuɗi masu yawa, gama ma'aikatar ilimi ta kowace jiha ita ke fitar da kalandarta, kuma babu abin da ya hana ta bai wa ƙananan hukumomin karkara izinin gajarta hutun Agusta su tsawaita na kaka, ko su matsar da sa'o'in darasi zuwa bayan azahar a makonnin shuka da girbi. Wasu ƙasashe sun riga mu gwadawa. A Bangaladash ƙungiyar BRAC ta fara buɗe ƙananan makarantun ƙauye a 1985, inda iyaye ke zama da malama, wadda 'yar garin ce, su yanke sa'o'in da suka dace da aikinsu. A Kolombiya kuma tun 1975 aka fito da tsarin makarantun karkara wanda ya karkasa darussa kashi kashi, domin yaron da ya tafi taya iyayensa girbi, in ya komo, ya ɗora daga inda ya tsaya.

Da wane harshe?

Dalili na biyu shi ne harshe. Yaron da ya kai shekara shida a ƙauyen Hausa ya zo makaranta da dukiya mai yawa a bakinsa: ya san sunan kowane itace da kowane tsuntsu a dajin garinsu, ya san tatsuniya da kacici-kacici, yana iya kai saƙo mai tsawo bai ɓata ba. Abin da ya rage masa shi ne a nuna masa cewa wannan magana da yake yi tana da siffa a takarda. Rubutun Hausa kuwa Allah ya sa mai sauƙi ne, domin wasulansa biyar ne, kusan kowane baƙi sauti guda yake ɗauka ba ya sauya shi, gaɓoɓin kalma kuma a bayyane suke. Da zarar yaro ya san baƙaƙe, har da masu lanƙwasa irin su ɓ da ɗ da ƙ, da masu goyo irin su sh da ts da ƙw, ya kuma gane yadda baƙi ke haɗuwa da wasali ya ba da gaɓa, to babu kalmar Hausa da za ta gagare shi, kuma abin da ya karanta zai fahimce shi nan take. Ingilishi ba haka yake ba, gama harafi guda yana iya ɗaukar sauti uku ko huɗu, har 'ya'yan Ingila da suka sha shi a nono sukan daɗe kafin karatunsu ya miƙe. Wanda ya ɗora wa ɗan ƙauye koyon karatu da koyon baƙon harshe a lokaci guda ya haɗa masa nauyi biyu, alhali ko ɗaya bai riga ya ɗauka ba.

Ga yadda abin ke kasancewa a aji: malami ya rubuta jimlar Ingilishi a allo, ya nuna ta da tsumagiya ya faɗa, yara su amsa gaba ɗaya da ƙarfi, ya maimaita su maimaita, har sautin ya kai bakin kasuwa, mai wucewa ya ce lalle ana karatu. Amma in ka lura za ka ga wani yaron yana amsawa idonsa na kan taga, wani ma ya juya wa allon baya. In ka shafe jimlar ka rubuta kalma guda daga cikinta a gefe, ka nuna wa wanda ya fi kowa ɗaga murya, sai ya yi shiru. Hadda ce aka yi ta kunne, ido bai sami rabonsa ba.

Manufar ilimi ta ƙasa ta 1977 ta tanadi a koyar da yaro da harshen uwa, ko harshen da ya rinjaya a yankinsa, a shekarun farko na firamare, kuma gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranta a Ile-Ife tun daga 1970 ya nuna cewa yaran da aka koyar da Yarabanci shekara shida ba su gaza takwarorinsu ba ko a Ingilishin kansa. Jamhuriyar Nijar ma ta buɗe makarantar gwaji mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince harshen uwa ya zama harshen koyarwa a dukan shekaru shida na firamare, sa'an nan a Nuwamban 2025 ministan ilimi ya ba da sanarwar janye wannan a koma ga Ingilishi, bisa hujjar yawan faɗuwa jarrabawa. Damuwar iyaye da ta hukuma game da Ingilishi gaskiya ce, domin da shi ake jarrabawa, da shi ake neman aiki, da shi ma aka rubuta bayanin kwalbar feshin da muka ambata. Amma ba adalci ba ne a ɗora laifin faɗuwa a kan tsarin da ba a taɓa wadata shi da littattafai da horarrun malamai ba. Yaron da ya gane sirrin haɗa baƙi cikin Hausa ba zai sake koyon wannan sirri ba, zai ɗauke shi ne ya shiga Ingilishi da shi. Haka kuma hakkin ɗan Fulani da ɗan Barebari da sauran 'ya'yan ƙabilun Arewa ne a fara musu da harshen da suke ji.

Malami da littafi

Dalili na uku shi ne malami. Sa'ad da gwamnatin jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare jarrabawa a 2017, ta ba da sanarwar cewa 21,780 cikin kimanin 33,000 ba su kai makin da aka yanke ba. Ko da yake an yi jayayya mai tsawo a kan yadda aka gudanar da ita, babu wanda ya musa cewa akwai rauni. Sai dai wajibi ne a yi wa malamin ƙauye adalci. Sau da yawa kwalejin da ta ba shi takardar NCE ta koya masa tarihin ilimi da falsafarsa, ba ta koya masa yadda ake ɗaukar yaro daga harafi zuwa gaɓa, daga gaɓa zuwa kalma ba. Sa'an nan an tura shi garin da babu gidan malamai, yana kwana a hedkwatar ƙaramar hukuma, yana zuwa a kan babur da man da ya saya daga albashin da ba ya isa, in rafi ya kawo da damina kuma sai ya janye. Shirin da aka yi a jihohin Bauchi da Katsina da Neja da Sakkwato, na ɗaukar 'yan matan karkara a biya musu karatun kwaleji bisa sharaɗin su koma garuruwansu su koyar, ya kama hanyar gyara, domin malamar da aka haifa a gari, aka aurar da ita a gari, rafi ba ya tare ta, iyaye kuma sun fi sakin jiki su ba ta 'ya'yansu mata.

Na huɗu shi ne littafi. Ba a koyon karatu sai da abin karantawa, amma a makarantu da yawa littafin da ke aji guda ne, yana hannun malami. Wani abin takaici kuma shi ne inda hukuma ta kawo littattafai, hedimasta ya kulle su a kabad don tsoron kada su yage masu duba makarantu su tuhume shi, har gara ta riga yara amfana da su. A gida ma yaro ba ya ganin rubutun Hausa, in ban da abin da ke jikin buhu da kwalin ashana. Littafin da ya yage a hannun yaro ya biya kuɗinsa, kuma ya kamata mai duba makaranta ya riƙa tuhumar wanda ya tarar da littattafansa sababbi ful bayan shekara guda.

Abin da magabata suka sani

Abin mamaki shi ne, a cikin wannan ƙauyen da makarantar boko ta kasa, akwai wata makaranta da ta shekara ɗaruruwa tana koya wa 'ya'yan manoma sanin harafi, wato makarantar allo. Malaminta a garin yake zaune, a nan gonarsa take, ya san uban kowane yaro. Lokutanta sun bi rayuwar gari: a yi karatu da asuba kafin a fita gona, a komo bayan azahar, da dare kuma a kewaye wutar kara. Tsarinta daki daki ne, a fara da babbaƙu, sai farfaru, sa'an nan a shiga haɗawa. Mafi muhimmanci kuma, kowane yaro da allonsa, malam yana biya masa gwargwadon inda ya kai, ba ya wanke allo a yi masa ƙari sai ya kawo na jiya daidai. Wanda ya yi mako biyu a gona, in ya dawo, allonsa na jingine yana jiransa. Gaskiya ne cewa almajiri yana karanta Larabci ba tare da sanin ma'ana ba sai ya shiga makarantar ilimi, kuma mas'alar bara da tura ƙananan yara birane aba ce da ke bukatar gyara na musamman; amma ta fuskar hikimar koyarwa, abubuwan da masana na zamani ke kira a yi, wato malami ɗan gari, lokaci mai sassauci, da bin kowane yaro a matakinsa, duk suna nan a zauren alaramma. Daga nan ne manoma da yawa suka sami ajamin da suke rubuta bashi da wasiƙa da shi.

Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta gane cewa matan karkara ba za su iya barin gidajensu su zo birni neman ilimi ba, sai ta kafa tsarin 'Yan Taru, ta naɗa jajoji daga cikin dattawan mata, suna zuwa wurinta su ɗauki karatu cikin waƙoƙin Hausa da Fulatanci, su koma ƙauyuka su koyar. A ƙarni na ashirin kuma, bayan kafa jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, Malam Ahmadu Kumasi yana cikin manyan jagororinsa, aka buɗe azuzuwan manya a zauruka da gindin itatuwa. Waɗanda suka tsara shi sun fahimci cewa wanda ya koyi karatu bai sami abin karantawa ba zai mance, saboda haka hukumar buga littattafai ta NORLA ta riƙa buga ƙananan littattafai masu araha a kan noma da kiwo da lafiya da addini, da jaridun larduna irin su Zaruma ta Sakkwato, da Himma ta Katsina, da Sodangi ta Kano, da Bazazzaga ta Zariya, ana kai su har kasuwannin ƙauye. An rufe NORLA a 1959, kuma har yau ba a sami wata hukuma da ta ɗauki kai littafin Hausa ƙauye a matsayin farillarta ba.

Gwaje-gwajen zamaninmu

A shekarun baya kaɗan an yi ayyukan da suka nuna cewa gyara mai yiwuwa ne. Shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da shirin RANA wanda ya fara a Katsina da Zamfara, har ya shiga makarantun Alƙur'ani da aka haɗa da darussan boko, dukansu sun tsaya a kan ginshiƙai iri ɗaya: darasin karatun Hausa a kai a kai, jagoran malami mai bayyana abin da za a yi mataki mataki, littafi a hannun kowane yaro, da mai ziyara da zai zauna a aji ya ga koyarwa ya ba da shawara. A jihar Kano kuma, a ƙananan hukumomin Wudil da Dawakin Tofa, an gwada hanyar da ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta fito da ita, inda ake auna 'yan aji huɗu zuwa shida, a raba su gwargwadon iyawarsu, masu harafi daban, masu kalma daban, masu labari daban, a ba su sa'a guda ko fiye ana yi musu abin da ya dace da matakinsu, wanda ya ci gaba a matsar da shi.

Raunin waɗannan ayyuka shi ne yawancinsu da kuɗin Amurka da Ingila aka yi su, kuma sa'ad da gwamnatin Amurka ta rushe hukumarta ta ba da agaji a 2025, an ga yadda abin da aka jingina ga baƙo ke tsayawa dare ɗaya. Alhali kuwa dokar 2004 ta ware kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar tarayya domin ilimin tushe, kuma shekara da shekaru biliyoyin naira suna kwance a hukumar ilimin bai-ɗaya, wato UBEC, saboda wasu jihohi ba su kawo nasu kason ba balle su karɓa. Ga kuma rashin tsaro, wanda tun daga sace ɗaliban Ƙanƙara a 2020, da na Jangebe a 2021, da na Kuriga a 2024, ya rufe makarantu masu yawa a karkara ya kori malamai. Inda abin ya kai haka, babu wata dabarar koyarwa da za ta yi amfani sai hukuma ta sauke nauyin farko da ke kanta, wato tsare rayuka.

Abin da ya wajaba

Bisa ga abin da ya gabata, hanyar a fili take. Wajibi ne kowace jiha ta ɗauki alkawari guda wanda kowa zai iya bincika, wato duk yaron da ya gama aji uku ya iya karanta labari da harshensa ya kuma faɗi abin da ya fahimta, a riƙa auna wannan kowace shekara, a karanta sakamakon a gaban dagaci da iyaye. A keɓe sa'a guda kowace rana domin karatu kaɗai, a ba kowane yaro littafinsa ya tafi da shi gida, a daidaita hutu da kaka, a ɗauki malamai daga cikin 'ya'yan gari a horar da su a kan koyar da karatu, a kuma buɗe ajin cike giɓi da rani domin waɗanda gona ta ɗauke. Sarakuna da hakimai, waɗanda da bakinsu aka ci nasarar rigakafin shan inna, suna da ikon sasanta makaranta da manoma a kan ranakun gayya da na kasuwa. Limamai da alarammomi, in aka girmama su aka nemi shawararsu, su ne za su fi kowa saurin gamsar da uba cewa sanin baƙin boko ba ya rage wa ɗansa komai daga Alƙur'ani. Uwa kuma, ko ba ta yi makaranta ba, in ta ce wa 'yarta ta karanta mata shafi guda bayan sallar isha'i, ta yi rabin aikin malami.

Kira na ƙarshe ga 'ya'yan karkara ne waɗanda Allah ya ɗaukaka ta hanyar ilimi, suna zaune a Kano da Kaduna da Abuja, likitoci da lauyoyi da manyan ma'aikata, waɗanda da yawansu a irin waɗannan azuzuwa suka fara, a hannun malamin da ya tsaya a kansu har suka iya. Ƙungiyoyin ci gaban gari da kuke tara kuɗi a cikinsu kowace sallah suna iya sayen littattafan Hausa ɗari biyu su ajiye a zauren mai gari, suna iya biyan alawus ga matasa biyu da suka gama sakandare su riƙa zama da yara da yamma, suna iya zuwa wurin sakataren ilimi su tambayi dalilin da ya sa makarantar garinku take da malami guda. Wannan bashi ne a wuyanku, kuma amana ce da za a tambaye mu a kanta gaba ɗaya. Allah ya ba mu ikon saukewa, ya sanya albarka a cikin zuriyarmu, amin.